Hongyi da Alƙalamin da Ya Ƙi Ajiyewa: Rubutun Addinin Buddha a Fasahar Sin ta Zamani

A bakin Tafkin Yamma na birnin Hangzhou akwai wani ɗan tudu mai suna Gushan, inda ƙungiyar masassaƙa hatimi ta Xiling, wadda aka kafa a 1904, take da mazauni. Mai hawa matakalar wurin zai ga wani ƙaramin allon dutse a jikin bango, da haruffa biyu a kansa masu nufin "ma'ajiyar hatimai". A 1918 aka fafe dutsen, aka jera hatimai fiye da 90 a ciki, aka liƙe bakin. Mai su yana nan da ransa a lokacin, bai ma cika shekara 40 ba. Sunansa Li Shutong, malamin zane da kiɗa a kwalejin horar da malamai ta birnin, mutumin da 'yan bokon Shanghai da Hangzhou suka san da zamansa.

A wurin Basine mai zane ko mai rubutu, hatimi shi ne sa hannu. Jan tambarin nan da ake dangwalawa a gefen takarda shi ke cewa "ni na yi". Wanda ya binne hatimansa, sunansa ya binne. Li Shutong kuwa da gaske yake. A wannan shekarar ya rarraba littattafansa da kayan zanensa ga ɗalibai da abokai, ya aske kansa a gidan ibada na Hupao, ya shiga sahun masu zuhudu na addinin Buddha, aka riƙa kiransa Hongyi. Ya bar fiyano, ya bar fenti, ya bar dandalin wasan kwaikwayo. Alƙalami kaɗai ya riƙe har ranar da ya bar duniya, kuma abin da ya rubuta cikin waɗannan shekaru 24 shi ne ma'aunin da ake gwada duk wani rubutun addinin Buddha na zamani da shi a ƙasar Sin.

Ba za a gane nauyin wannan zaɓi ba sai an san matsayin rubutu a wurin Sinawa. Mu ma nan mun san darajar kyakkyawan hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan alaramma yana jan alƙalamin kara a kan takarda ya san rubutu kan zama ibada. Sinawa kuma sun ɗora rubutu a saman dukkan fasahohinsu, har sama da zane, dalilin kuwa yana cikin kayan aikin. Alƙalaminsu gashi ne mai laushi, na akuya ko na zomo ko na wata 'yar dabba mai kama da tunku, an ɗaure shi a bakin siririyar gora, ya yi tsini. Tawadarsu sanda ce ta baƙin hayaƙi da aka kwaɓa da danƙo, ana goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Takardar tana shanye tawada nan take, ba gogewa, ba gyara. Ka danna, layi ya yi kauri. Ka ɗaga, ya sirance. Ka yi sauri, tawadar ta tsage ta bar farin zare-zare a tsakiya. Ka yi shakka na ƙiftawar ido, ta taru ta yi ɗigo. Kowane harafi kuma yana da tsarinsa, an san layin da ake farawa da shi da wanda ke biyo baya, saboda haka mai karatu yana iya bin hannun marubuci daga farko har ƙarshe kamar mai bin sawu a rairayi. Shi ya sa tun kusan shekaru 2000 da suka wuce suke cewa rubutu hoton zuciya ne.

Addinin Buddha ya iso Sin daga Indiya ta hanyoyin fatake wajen ƙarni na 1, ya kuma zo da wani dalilin rubutu dabam. Nassoshinsa, waɗanda ake kira sutra, su da kansu suna kwaɗaitar da mabiya su kwafe su, suna alkawarin lada ga wanda ya rubuta da wanda ya biya aka rubuta. Girman abin da wannan ya haifar bai bayyana sosai ba sai a 1900, lokacin da wani mai kula da kogunan dutse na Dunhuang a arewa maso yammacin Sin, Wang Yuanlu, ya ci karo da wani ɗaki a toshe, cike da dubun-dubatar naɗaɗɗun takardu. Turawa masu binciken kayan tarihi suka zo: Aurel Stein ya kwashi nasa a 1907 zuwa Ingila, Paul Pelliot ya kwashi nasa a 1908 zuwa Faransa. Rubutu ne tsaf, sau da yawa harafi 17 a kowane layi, aikin masu kwafi da ake biya lada, waɗanda yawancinsu ba wanda ya tuna da su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan bayanan da ke ƙarshen takardun: wance ta sa a rubuta domin iyayenta da suka rasu, wane domin neman sauƙin ciwo. Akwai ma wanda ya sa aka kwafi nassi domin tsohon sansa na noma.

Wasu kuma dutse suka nufa. Bayan wani sarki ya murƙushe addinin a 574, tsoro ya shiga zukata cewa wata rana nassoshin za su ɓace. A farkon ƙarni na 7 wani mai zuhudu, Jingwan, ya fara sassaƙa su a allunan dutse a Fangshan, kusa da Beijing ta yau. Aikin ya ci gaba kusan shekaru 1000, alluna suka haura 14,000. A tsaunin Tai an sassaƙa Sutrar Lu'ulu'u a kan wani faffaɗan fako da ruwa ke bi, kowane harafi ya kai kusan rabin mita. A kogunan dutse na Longmen da ke kusa da Luoyang, duk wanda ya biya aka sassaƙa mutum-mutumi sai a rubuta sunansa da addu'arsa a gefe.

Manyan masana na dā ba su ɗauki wannan duka a bakin komai ba. A wurinsu aikin 'yan ƙwadago ne. Masu zuhudun da suke girmamawa su ne irin su Huaisu, wanda ya rubuta tarihin kansa a 777 da wani irin rubutun gudu mai kama da guguwa, ko Zhiyong, wanda ya fito daga zuriyar Wang Xizhi, uban marubutan Sin. Sai a ƙarni na 18 da na 19 abin ya juya. Masana irin su Ruan Yuan da Bao Shichen, daga baya kuma Kang Youwei, wanda ya kammala littafinsa a kan rubutu a 1889, suka ce hannun da ake koya daga littattafan kwafi ya yi laushi, ya zama hannun 'yan jarrabawa, ba jini ba jijiya. Ƙasa tana shan kashi a hannun Turawa, ba da jimawa ba Japan ma ta doke ta a 1895, su kuma suna neman rubutu mai ƙashi. Suka same shi a tsoffin duwatsun arewa, inda bakin ƙarfe ya bar layuka masu kusurwa kamar an sare su da gatari. Aka zaɓi rubuce-rubuce 20 daga Longmen, aka riƙa manna musu takarda ana dandana tawada a kai ana fitar da kwafinsu, ɗalibai suna kwaikwayo.

Ɗaya daga cikin 20 ɗin, na shekarar 495, wata uwa ce ta sa aka rubuta domin ɗanta Niu Jue da ya rasu. Ɗalibin ƙarshen ƙarni na 19 zai kwafe shi sau ɗari yana lura da yadda kowane layi ya fara da yadda ya ƙare, kukan uwar kuwa bai shiga lissafinsa ba. Wannan shi ne mataki na farko na shigar rubutun addinin Buddha cikin fasahar zamani: an ɗauki siffar, an bar addu'ar a jikin dutse. Da aka soke jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1905, alƙalamin ƙarfe kuma ya fara shiga makarantu da ofisoshi, sai alƙalamin gashi ya rasa aikinsa na yau da kullum, ya koma abin rataye a ɗakin nuni.

Cikin wannan yanayi aka haifi Li Shutong a Tianjin a 1880, a gidan attajiran da ke cinikin gishiri da harkar kuɗi. Tun yana yaro ya ƙware a hannun duwatsun arewa, musamman allon Zhang Menglong na shekarar 522. Ya tafi Japan a 1905, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya shiga makarantar fasaha ta Tokyo a 1906, ya koyi zanen fenti irin na Turawa a hannun Kuroda Seiki. A can shi da abokansa suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo wadda ake lissafawa a matsayin mafarin wasan kwaikwayon zamani na Sin, har ya fito a matsayin mace a wasansu na 1907. Da ya dawo ya koyar da zane da kiɗa a Hangzhou, ya rubuta waƙar bankwana da 'yan makaranta ke rerawa har gobe. Idan akwai mutum ɗaya da za a nuna a ce ga ɗan zamani a Sin ta wancan lokaci, to shi ne. A ƙarshen 1916 ya je Hupao ya ƙaurace wa abinci na fiye da mako biyu, ya fito da wani irin sauƙin rai da bai taɓa ji ba. Shekara ɗaya da rabi bayan haka ya koma, bai sake fitowa a matsayin Li Shutong ba. Ya bar mata biyu, ɗaya a Tianjin da 'ya'ya maza biyu, ɗaya 'yar Japan wadda ta koma ƙasarsu. Masu ba da labarinsa sukan wuce wannan wurin da sauri. Ni ina ganin bai kamata ba, domin natsuwar da ake yabo a rubutunsa akwai waɗanda suka biya kuɗinta da hawayensu.

Da farko har rubutun ya so ya bari. Wani mabiyin addinin a garin Jiaxing, Fan Gunong, shi ya ba shi shawarar ya riƙe shi, ya riƙa rubuta kalmomin nassi yana bai wa mutane domin ƙulla alaƙa tsakaninsu da addinin. Sai kuma Yinguang, babban malamin da Hongyi ya fi ganin girmansa, ya aiko masa da wasiƙa mai tsauri. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, kwafar nassi ba ɗaya take da rubuta abin ado ba. Mai kwafar nassi ya yi kamar mai amsa jarrabawa a gaban sarki, kada ya taƙaita layi ko ɗaya, kada ya yi wasa da siffar harafi. Ga gwanin da ya saba a yaba wa ƙarfin hannunsa, wannan magana daidai take da a ce wa mahayin doki ya sauka ya ja linzami a ƙasa. Ya kuwa sauka.

Canjin bai zo dare ɗaya ba. Rubutunsa na farkon shekarun 1920 har yanzu yana da faɗi da kaurin duwatsun arewa, sai dai kusurwoyin sun fara dusashewa. Zuwa shekarun 1930 ya zama wani abu da ba a taɓa gani ba. Ka ɗauki ɗaya daga cikin tagwayen baitocin da ya tsamo daga nassin Huayan, waɗanda ya tara har 300, ka dube shi da kyau. Haruffan sun miƙe tsaye, dogaye, sirara. Layukan kaurinsu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kamar an ja su da zare mai ɗan danshi. Inda kowane marubuci zai danna ya nuna tsinin alƙalami, a farkon layi ko a ƙarshensa, shi ya ɓoye tsinin ciki, bakin layin ya zama a dunƙule. Inda layi zai karya kwana, shi ya lanƙwasa shi a hankali. Sau da yawa layukan harafi ɗaya ba sa ma taɓa juna, akwai 'yar iska a tsakani, tsakanin harafi da harafi kuma fili ne fetal. Wanda bai sani ba zai ce yaro ne ya rubuta. Sai ka gwada kwaikwayo ka gane cewa jan layi siriri a hankali da gashi mai laushi, ba rawa ba ɗigo, ya fi jan layi mai ƙarfi wuya nesa ba kusa ba, domin gudu yana rufa asirin hannu, jinkiri kuwa tona shi yake.

Ɗalibinsa Liu Zhiping ya ba da labarin yadda ya ga malaminsa yana aiki a 1932, lokacin da ya rubuta Sutrar Amitabha, wani Buddha da mabiya ke yawan ambaton sunansa, a manyan takardu 16. Takarda ɗaya kawai yake yi a rana. A rufe ƙofa, ba mai shiga, Liu yana riƙe da bakin takardar, shi kuma yana ajiye layi bayan layi na sa'o'i. Kwana 16 aka yi ana haka.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai a ce mutum ne ya juya wa zamani baya ya koma hanyar masu kwafin Dunhuang. Amma shi da bakinsa ya rushe wannan fassarar. A wata wasiƙa da ya rubuta wa masassaƙin hatimi Ma Donghan a 1938, ya bayyana cewa idan yana rubutu ƙa'idojin tsara zane na Turawa yake bi, hankalinsa yana kan yadda dukkan fuskar takarda za ta daidaita, abubuwan da marubuta suka saba damuwa da su kuwa, irin su ƙarfin layi da salon alƙalami da bin hannun wane, duk ya ajiye su gefe. A wata lacca da ya yi wa matasa masu zuhudu a gidan ibada na Nanputuo a Xiamen a 1937, ya raba maki 100 na kyawun rubutu: 50 ga tsarin shafi, 35 ga haruffan kansu, 10 ga hatimi, 5 ga launin tawada. Tsohon malamin rubutu ba zai taɓa bai wa fili rabin maki ba. Wannan idon ɗalibin Tokyo ne. Ke nan rubutun da aka fi ɗauka a matsayin tsantsar ruhin addinin Buddha a Sin ta ƙarni na 20, a kan darasin makarantar boko aka gina shi, kuma ba na ganin hakan ya rage masa komai. Mutumin ya zubar da abin da zai sa a ce "kai, gwani!", ya riƙe abin da zai sa mai kallo ya yi shiru.

A laccar nan ta 1937 ya faɗi abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Ya ce abin kunya ne ga mai zuhudu a tuna da shi saboda rubutunsa; abin da ya dace shi ne a adana rubutun saboda halin mai shi. Ya kuma rayu a kan haka. Babban aikinsa a idonsa shi ne farfaɗo da ilimin dokokin zuhudu na mazhabar Nanshan, wanda ya shafe shekaru yana tsarawa da sharhi. Abinci ba ya ci bayan tsakar rana. Tufafinsa faci a kan faci. Rubutu kuwa kyauta yake rabawa, ga mai kuɗi da talaka. Ko Lu Xun, marubucin da ba ya raga wa tsoffin al'adu, ya rubuta a kundinsa na 1931 cewa ya roƙi takarda ɗaya ta hannun Hongyi ta wajen abokinsa mai kantin littattafai, Uchiyama. Da yaƙi da Japan ya ɓarke a 1937, aka matsa masa ya bar Xiamen, bai yi gaggawar tafiya ba, a shekarun yaƙin kuma ya riƙa rubuta wa mutane cewa mai ambaton Buddha kada ya manta da ceton ƙasa.

Akwai wani aikin da ya haɗa shi da ɗalibinsa Feng Zikai, kundin zane-zane masu kira ga tausayin dabbobi: Feng yana zane, Hongyi yana rubuta baitoci a shafin da ke kallonsa. Kundi na farko, mai zane 50, ya fito a 1929 domin cikar malamin shekara 50 a lissafin Sinawa. Suka yi alkawarin ƙara kundi duk shekara 10, kowanne da ƙarin zane 10, har zuwa 100. Malamin ya rasu bayan na biyu. Feng ya ci gaba shi kaɗai, ya kammala na shida a ɓoye a 1973, a tsakiyar Juyin Al'adu, lokacin da ake muzguna masa, ya rasu a 1975. Zane 450 ke nan gaba ɗaya.

Juyin Al'adun nan na 1966 zuwa 1976 ya rufe gidajen ibada, ya ƙona nassoshi, ya farfasa alluna. Alƙalamin gashi dai ya tsira, domin da shi ake rubuta manyan takardun suka da ake mannawa a bango, kuma shugaba Mao Zedong kansa marubuci ne da hannun Huaisu ya yi wa tasiri. Da aka sassauta bayan 1978, mutumin da ya sake haɗa alƙalami da addinin a idon jama'a shi ne Zhao Puchu, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Mabiya Addinin Buddha ta Sin daga 1980 har rasuwarsa a 2000. Hannunsa mai tsabta ne, na ɗan boko mai ladabi, kuma shi ne a saman ƙofofin gidajen ibada da yawa da aka sake ginawa. Aikinsa ya yi amfani ƙwarai, amma bai buɗe sabuwar hanya a fasaha ba.

Waɗanda suka buɗe ta matasa ne na shekarun 1980 da 1990, su kuma ta wata ƙofa suka shigo. Mazhabar Chan, wadda Japanawa ke kira Zen, ta daɗe tana cewa gaskiya ba ta tsaya a kan haruffa ba, har ana ba da labarin cewa babban malaminta Huineng bai iya karatu ba. Xu Bing, wanda aka haifa a 1955, ya shafe shekaru daga 1987 yana sassaƙa haruffa kusan 4,000 a katako, ya buga su a littattafai da dogayen takardu masu saukowa daga rufi, da tsari irin na tsoffin nassoshi. Kowane harafi kamar na gaske, amma ko ɗaya ba shi da ma'ana. Da aka fara nuna aikin a Beijing a 1988, masana suka riƙa bin layi suna neman wanda za su iya karantawa. A 2004, a Cardiff, ya busa ƙurar da ya tara a titin New York bayan harin 11 ga Satumba a cikin wani ɗaki, ta sauka a kan haruffan da ya jera a ƙasa, ya ɗauke haruffan, sai gurbinsu ya fito da baitin da ake jingina wa Huineng: tun asali babu komai, to ina ƙura za ta sauka? Qiu Zhijie, daga 1990, ya kwafi shahararren rubutun Wang Xizhi sau 1,000 a kan takarda guda har ta zama baƙi ƙirin. Nassin ba na addini ba ne, amma maimaitawar ta masu kwafin sutra ce. Wang Dongling na makarantar fasaha ta Hangzhou yakan rubuta Sutrar Zuciya, mai haruffa 260, yana ɗora harafi a kan harafi har su sarƙe kamar ƙaya. A tsibirin Lantau na Hong Kong kuma, a 2005 aka tsayar da wannan sutrar da rubutun hannun masani Jao Tsung-i a jikin gumagumai 38 a gefen tudu, ɗaya daga ciki an bar shi ba rubutu.

Ina girmama waɗannan ayyuka, musamman na ƙurar, wanda ya sami hanyar yin ta'aziyya ba tare da ihu ba. Amma akwai bambancin da ya kamata a faɗa. Su sun ɗauki tunanin addinin, wato cewa siffa ba ta da tabbas, sun mai da shi abin kallo; mai shiga ɗakin nuni yana buƙatar a gaya masa labarin aikin kafin ya kama shi. Hongyi kuwa bai taɓa rubuta harafin da ba ya karantuwa ba. Tsohuwar da ba ta san komai game da fasaha ba za ta karɓi takardarsa ta rataye a ɗaki ta karanta sunan Amitabha, masanin zane kuma ya tsaya a gaban takardar nan yana nazarin filin da ke tsakanin layuka. Biyan buƙatar waɗannan mutum biyu da takarda guda shi ne abin da ya gagari kusan kowa bayansa.

Masu kwaikwayonsa kuwa sun cika kasuwa. A shagunan shayi da ɗakunan otal da shafukan sayayya na intanet za ka ga sirarran haruffa masu dunƙulallen baki, ana kiransu rubutu mai ɗanɗanon Chan. Takardunsa na asali, waɗanda ya rabar kyauta, yanzu miliyoyin yuan, kuɗin Sin, ake buga musu a gwanjo, na jabu kuma suna yawo. Kuskuren masu kwaikwayon a bayyane yake a bakin alƙalami: shi ya yi shekaru kusan 30 yana tara ƙarfin duwatsun arewa kafin ya fara ɓoye shi, saboda haka siririn layinsa akwai ƙarfe a ciki, nasu kuwa laushi ne tun daga tushe, sai ya kwanta a takarda kamar dafaffiyar taliya. Na fi ganin gadonsa a wurin matasan biranen Sin da ke sayen littattafan kwafar sutra masu arha, waɗanda aka buga haruffansu dishi-dishi, su zauna da dare bayan aiki suna bin su layi-layi. Yawancinsu ba gwanaye ba ne, ba su kuma neman a gani, abin da Yinguang ya nema ke nan tun farko.

Akwai takarda ɗaya tasa da masu kwaikwayo ba sa iya taɓawa. A watan Oktoban 1942 yana kwance ba lafiya a wani gidan kula da tsofaffi a Quanzhou, lardin Fujian. Ya riga ya daina cin abinci, ya kuma bar wa mai yi masa hidima, Miaolian, wasiyya dalla-dalla. A ciki har da cewa a sa ƙananan kwanoni huɗu da ruwa a ƙarƙashin ƙafafun akwatin gawarsa, domin kada tururuwa su hau su ƙone lokacin ƙona gawar. Ya kuma ce idan aka ga hawaye a idonsa a ƙarshe, kada a ɗauka kewar duniya ce. Ranar 10 ga wata, da yamma, ya jawo wata 'yar takarda da aka riga aka yi rubutu a bayanta, ya rubuta haruffa huɗu: bei xin jiao ji, baƙin ciki da farin ciki sun cakuɗe. Hannun da aka sani da santsi da daidaito ba ya nan. Harafin farko ya sha tawada, layukansa sun yi nauyi sun karkace; yana tafiya tawadar tana ƙarewa, bai sake tsoma alƙalami yadda ya saba ba, har na ƙarshe ya fito a bushe, gashin yana karce takarda. A gefe ya ƙara wasu ƙananan haruffa uku masu nuni ga wata sutra, ya zana ɗan da'ira, ya rubuta kwanan wata da sa'a. Babu hatimi a jiki. Ya miƙa wa Miaolian, bayan kwana uku ya cika, ranar 13 ga Oktoba.